Kafin Rini Ya Kama: Yadda Ake Shirya Cikin Tsohuwar Mota

Laccar da aka gabatar wa masu gyaran mota da masu fenti da masu ɗinkin kujera a Birnin Gwari

   

Babu wanda zan ba labarin abin da shekarun nan suka yi wa hanyarmu. Titin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa ya shigo garin nan, ya wuce Tegina ya nufi kudu, a da dare da rana ba ya rabuwa da mota. Sai aka wayi gari ba a bin sa sai da rakiyar jami'an tsaro, wani lokaci ma ba a bin sa sam. Direbobi da yawa suka jingine motocinsu, wata a gindin mangwaro, wata a bayan gida an rufa mata tamfol. Tun da aka sake buɗe kasuwar kara a watan Nuwamba na 2024 ƙafa ta fara dawowa, motocin nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Makanike zai tayar da inji, mai ƙwanƙwasa ya daidaita jiki, mai fenti ya fesa waje har ta yi ƙyalli. Sai a buɗe ƙofa. A nan mai mota yake yin shiru, domin dashbod ya tsage, kujera ta koɗe, marfin ƙofa ya yi danƙo, ga wari.

Abin da aka saba yi kun san shi. A aiki yaro ya sayo gwangwanin baƙin fenti, a kaɗe ƙura da tsumma, a fesa. Ranar ana ta sambarka. Kafin wata ya zagayo fentin ya fara ɓarewa a sitiyari da inda gwiwar hannu ke dafawa, fasinja ya tashi da baƙi a farar rigarsa, mai mota ya dawo yana cewa an sayar masa da jabun fenti. Sau da yawa fentin ba shi da laifi. Ba a kan kujera ya zauna ba tun farko, a kan datti ya zauna, da dattin ya motsa sai suka tafi tare. Maganar da na zo da ita yau ke nan: a aikin cikin mota, fesawa ita ce ƙaramin rabo. Aikin na gaskiya yana gaban fesawar, kuma da an gama shi ba mai sake ganin sa.

Mu fara da sanin motar da muke magana a kanta. A Kakuri cikin Kaduna aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, Faransawa suka daina ƙera ƙaramar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Ke nan ko autarsu ta kai shekara 20 ko kusa da haka, ta farin kuwa ta kai wajen 50. Ku haɗa da tsofaffin Marsandi irin na 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da akori-kurar da ta yi rayuwarta tana jigilar masara daga ƙauyukanmu. Duk abin da aka shafa, aka zubar, aka fesa a cikin motocin nan tsawon shekarun, yana nan a jikin kayan bai je ko'ina ba.

Ilimin da muke buƙata ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ku je unguwar Majema a Kano ku tsaya ku kalli majemi. Fatar akuya ta zo masa da jini da gashi da kitse. Zai jiƙa ta, ya wanke, ya tsoma ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya shimfiɗa ta ya kankare gashin, ya juya ya kankare nama da kitsen da suka maƙale. Zai sake jiƙa ta a abin da zai sassauta ta ya fitar da sauran tokar. Sannan ta shiga ruwan dakakkiyar bagaruwa ta kwana tana sha. Duk wannan ba a yi maganar launi ba tukuna. Sai fata ta jemu sannan karan dafi zai ba ta ja, kuloko ya ba ta baƙi, gangamau ya ba ta rawaya. Idan majemi ya yi kasala ya bar kitse a wani gefe, rini zai tona masa asiri, domin daidai wurin launin zai fito dabbare-dabbare. Da wannan haƙurin ne fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara ta kai kasuwannin Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana kiran ta fatar Maroko. Abin da ya kai ta can, kankarewar nan ce da jiƙon nan, waɗanda mai saye bai taɓa gani ba.

Sai dai kada wani ya ji haka ya ɗauki ruwan karan dafi ya nufi kujerar Marsandi. Fatar majemi a buɗe take, rini yana ratsa ta ya shige ciki. Fatar mota kuwa galibi da sinadarin kurom ake jeme ta, hanyar da ta bazu bayan wani Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884, ita ce kuma masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano suke amfani da ita. Bayan jimar ana shafe fuskar fatar da launi mai kauri, a rufe da wani siririn shafi don kada ruwa da gumi su shiga. Abin da ya hana gumi shiga shi zai hana rini shiga. Don haka abin da ake sayar mana da sunan rinin kujera, a gaskiya wani fenti ne mai laushi da ke kwanciya a sama, yana lanƙwasa tare da kujerar. Tunda kuwa kwanciya yake yi ba shiga ba, ƙarkonsa gaba ɗaya ya dogara ga tsabtar abin da ya kwanta a kai.

Tambayar farko ke nan kafin ka taɓa sabulu: mene ne wannan abin da ke gabana? A cikin mota guda za ka tarar da fata, da leda, da yadi, da roba mai tauri, da ƙarfe mai fenti, kowanne da abin da yake so da abin da ke kashe shi. Yawancin Fijon da muka sani kujerunsu yadi ne ko leda. Marsandi ma tana da wata leda tata mai suna MB-Tex wadda ta ruɗi mutane da yawa suka rantse fata ce. Hanya mafi sauƙi, ka kwance kujera ka duba bayan abin ta ƙarƙashi. Fata bayanta da gashi-gashi mai laushi, leda kuwa saƙaƙƙen yadi za ka gani manne a bayanta. Roba mai tauri ita ma kala-kala ce. Motocin baya-bayan nan ana buga musu haruffa a bayan kayan, ka ga PP ko ABS, amma tsofaffi sau da yawa babu. Yanki ɗan ƙaramin ɓallo daga inda ba a gani, ka jefa a kofin ruwa. In ya taso sama, PP ce, mai santsi irin na robar bokiti, wadda fenti ba ya kama ta sai an fara fesa mata maganin riƙo. In ya nutse, wataƙila ABS ce ko PVC. ABS tana karɓar fenti da sauƙi, amma tina mai ƙarfi ko asiton na narkar da fuskarta nan take, zanen jikinta ya shafe, kuma ba ya dawowa.

Ita leda ya kamata mu ɗan daɗe a kanta, domin ita ce ta fi yawa a hannunmu. Asalinta PVC ce, irin ta bututun ruwa, abu mai tauri. Abin da ya sa ta yi laushi har ake ɗinka ta wani mai ne da ake cuɗa ta da shi a masana'anta. Wannan man ba ya zama daram, a hankali yake fitowa, zafi kuma yana hanzarta shi. Motar da aka rufe gilasanta a rana, saman dashbod ɗinta yakan haura digiri 70 a ma'aunin zafi. Ku lissafa bazara nawa motocin nan suka yi a haka. Man da ya fito shi ne danƙon da kake ji a marfin ƙofa, shi ne kuma hazon da ke kwanciya a gilashin gaba ta ciki. Ledar da man ya ƙare mata ita ce mai tsagewa in ka danna ta da yatsa. Wadda ta kai wannan hali ba fenti take buƙata ba, sabuwa take buƙata. Ku gaya wa mai mota gaskiya, ku tura shi wajen mai ɗinki, ko a nemo wata a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Karɓar kuɗi a fesa wa mushen leda launi cin amana ne, ko da mai motar ne ya matsa.

Ina so in faɗi wani abu kafin a fara wanki, saboda ya shafi rai. Motar da ta shekara a ajiye gidan ɓeraye ce. Suna shiga soson kujera su yi sheƙa, su bar kashi da fitsari. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa ta jihar Borno a 1969, ta kashin ɓera da fitsarinsa yake kama mutum, har da shaƙar ƙurarsu. Kada ka sa yaro ya shiga da tsintsiya yana tayar da ƙura, kada kuma a hura da iskar kwamfiresa. A buɗe ƙofofi duka iska ta ratsa, a sa safar hannu da takunkumi, a yayyafa ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa, a kan kashin da sheƙar, a bar shi ya jiƙa sannan a kwashe. Bilic ɗin a ƙasan mota da soson da za a zubar zai tsaya, kada ya taɓa fata ko yadi mai launi. A kuma leƙa ƙarƙashin kujera da sanda kafin a zura hannu. Mu mutanen bakin daji ne, mun san abin da ke bin ɓera.

Daga nan sai a kwance. Duk abin da zai fita a fitar da shi: kujeru, marafan ƙofa, hannun ɗaga gilashi, kafet. Na san akwai mai cewa ɓata lokaci ne, a manna takarda a fesa a wurin. To amma datti a lungu yake taruwa, a bakin ɗinki da gefen da ya shige ƙarƙashin wani abu, kuma daga gefe fenti yake fara ɓarewa. Maƙalan robar da ke riƙe marfin ƙofa sun bushe, a ɓanɓare su a hankali. Kowa yanzu da waya a aljihu, a ɗauki hoto kafin a kwance, a zuba kusoshin kowace ƙofa a gwangwaninta daban.

In an ɗaga kafet a duba ƙarfen ƙasa da kyau. Ƙasarmu ba irin ta Kano ko Katsina ba ce. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 ya kuma zama gandun daji na ƙasa a 1999, da dokarsa da majensa da kaɗanyarsa, shaida ne cewa daminarmu ta fi tasu nauyi da tsawo. Ruwan da ya yoyo ta robar gilashi yakan kwanta ƙarƙashin kafet wata da watanni. In motar ta taɓa ɗaukar buhunan takin zamani abin ya fi muni, domin taki da laima suna cin ƙarfe da sauri. A kankare tsatsa da buroshin waya har a ga farin ƙarfe, inda ya huje a kira mai walda, sannan a shafa jan fentin hana tsatsa. Laimar nan ita ke kawo fumfuna a fata da yadi. Fumfunar da aka rufe da fenti ba ta mutu ba, za ta ci gaba da cin abin ta ƙarƙashi, warin kuma ba zai bar motar ba. A goge ta da sifirit da aka sirka da ruwa, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Wankin kansa hawa biyu ne, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Akwai dattin da ruwa da sabulu ke fitarwa, akwai wanda ba sa fitarwa. Jar ƙurar hanyarmu, da gumi, da tofin goro, da kunun da yaro ya zubar, waɗannan na sabulu ne. Amma a fara kaɗe ƙurar a bushe da buroshi mai laushi, domin in ruwa ya riga buroshi jar ƙasar nan taɓo take zama ta cike zanen ledar. Sannan ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a bi da buroshi ana zagayawa, a shiga kowane layin ɗinki. A ɗauraye sosai, don sauran sabulu shi ma datti ne a wajen fenti. Fata ba a yi mata ambaliya, tsumma mai laima ya ishe ta, kuma ba a shanya ta a rana ko kusa da wuta, ƙanƙancewa za ta yi ta bushe ƙayau.

Hawa na biyu shi ne maiƙo. Kun ga mace in za ta ƙunsa lalle, sai ta wanke hannunta tas, domin ta san hannun da ke da mai lalle ba ya kama shi. Haka kujera take. Direba yana son motarsa, kullum yana goge ta da abin da ya samu. Wani man kaɗanya yake shafa wa kujera don ta yi laushi, wani man shafawa, wani ma man birki yake goga wa dashbod don ya yi baƙi, alhali man birki cin fenti yake yi. Ga turaren da ake fesawa, ga man gashi a matashin kai. Mafi wahala a cikinsu shi ne maganin ƙyallin nan na gwangwani da masu wankin mota ke fesa wa dashbod. Silikon ne a cikinsa, kuma silikon ko kaɗan ne ya rage, fenti gudunsa yake yi. Za ka fesa ka ga wasu ƙananan ramuka kewayayyu sun buɗe, ka ƙara fesawa su sake buɗewa a wuri guda. Sabulu ba ya fitar da shi. Sai sifirit, ko maganin cire maiƙo na masu fenti, kuma da tsumma biyu ake aikin: ɗaya mai jiƙe ya narkar da maiƙon, ɗaya busasshe ya kwashe kafin ya sake bushewa, ana gogewa gefe guda ana juya tsumman. Mai tsumma ɗaya yana yawo da maiƙon ne kawai daga wannan kusurwa zuwa waccan. A maimaita har farin tsumma ya fito fari. Fetur da kananzir ba sa cikin wannan aiki, suna barin nasu maiƙon, ga haɗarin wuta. Tina kuwa tana jawo man nan na cikin leda waje, ta bar ta da danƙon da ba ya bushewa.

Ta yaya za ka san ka gama? Ruwa zai gaya maka. Yayyafa ruwa mai tsabta a wurin. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, akwai sauran maiƙo, koma ka sake. In ya shimfiɗu ya jiƙa wurin bai-ɗaya, ka kusa. A robar PP kaɗai wannan gwaji ba ya faɗin gaskiya, ita ko tana da tsabta ruwa ba ya kwanciya a kanta. Daga wannan lokaci kuma hannu tsirara ba ya sake taɓa wurin, domin yatsa ma yana da mai.

Sai an tabbatar da tsabta sannan samfefa ta shigo, ba kafin nan ba. Wanda ya goga samfefa a kan silikon ya tura shi cikin ƙarzar da hannunsa, ba kuma zai sake fitar da shi ba. Manufar gogewar ita ce a kashe ƙyallin fuskar don sabon shafi ya sami abin riƙewa. A roba mai tauri da ƙarfe mai fenti lamba 400 zuwa 600 ta isa. A fata a yi amfani da mai laushi, 600 zuwa 800, da hannu mara nauyi, tsohon launin da ya tsattsage kawai ake so a rage, ba a son a kai ga naman fatar. Leda mai zane kuwa soson ƙarza mai laushi ya fi mata samfefa, don kada zanen ya shafe. Tsaga ƙarama a kujera ana saka mata ƙyalle ta ƙarƙashi a manne, a cike da abin cikewa mai laushi siriri-siriri. Bodifila ta jikin mota ba ta da wuri a kujera, tauri gare ta, zama ɗaya za ta fashe. Bayan gogewa a sake bi da sifirit.

A nan ma akwai maganar lafiya da ba zan tsallake ba. Tsofaffin fentin mota, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, wasu da dalma a cikinsu. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, muka kuma sake gani a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu na kusa. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma ƙurar ɗaya ce, kuma a tufafi ake kai ta gida wajen yara. Tsohon fentin ƙarfe a goge shi da ruwa don kada ƙura ta tashi, a wanke hannu kafin a ci abinci, kayan aiki su kwana a shago. Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin taurarawa, tururinsa na jawo asma mai tsanani, kuma takunkumin yadi ba ya tare shi. Ragowar tina da ruwan wankin bindigar fenti a tara su a galan a rufe, kada a tuttular a kwata. Rafukanmu kogin Mariga suke gangarawa, dabbobi na sha, mutane na sha.

Iyayen gida, a nan zan juyo gare ku, ku yi mini haƙuri. Yadda muka raba aiki a shagunanmu, wankin nan da gogewar nan yaron da ya zo jiya ake ba wa, wanda bai san leda daga fata ba, ba a kuma nuna masa gwajin ruwa ba. Maigida yana zaune sai an ce an gama, ya tashi ya ɗauki bindiga. Wato an damƙa sashen da ya fi buƙatar ido ga wanda idonsa bai buɗe ba. Ban ce maigida ya koma wankin kujera ba. Abin da nake roƙo, kada a fesa komai sai maigida ya zo da kansa ya yayyafa ruwa, ya shafa farin tsumma, ya duba lungun ɗinki. Yaro kuma a gaya masa dalilin kowane mataki. In ya san me silikon ke yi, ba sai an tsaya a kansa ba. Haka kuma wajen ciniki, a ware kuɗin shiri daban a faɗa wa mai mota, a kira shi ya ga baƙin da ke fita a tsumma. Mutum ba ya son biyan abin da bai gani ba, to a nuna masa. Wanda ya kawo mota da safe yana so ya kama hanyar Funtuwa da la'asar, a gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya. Soson kujerar da ya sha ruwa kaɗai yana iya cin kwana biyu bai bushe ba, in kuwa aka rufe shi da laima a ciki, fentin zai kumbura.

Lokacin fesawa ma a zaɓe shi. Da hunturu iska a bushe take, shafi na saurin bushewa, amma ƙura ta cika sararin sama, kuma robar da aka goga da busasshen tsumma jan ƙura take yi da kanta. Gogewar ƙarshe ta zama da tsumma mai ɗan laimar sifirit, a yayyafa ruwa a daɓen shago, a rufe ɓangaren da iska ke shigowa. Da damina kuwa laima ce matsala, shafin yakan yi fari-fari kamar an hura masa hazo, don haka a jira hantsi ya ɗaga, a guji ranar da hadari ya haɗu. Kada a fesa a kan abin da ya gasu a rana. In robar PP ce, maganin riƙo siriri shi ne farko. Launin kuma a bi shi sannu, shafi na fari kamar yayyafi wanda bai ma rufe tsohon launin ba, a jira minti 5 zuwa 10 ko yadda gwangwanin ya ce, a ƙara, har sau uku ko huɗu. Shafi ɗaya mai kauri yana cike zanen leda, kujera ta fito sumul kamar roba, kuma shi ne mai saurin tsagewa.

Abubuwa biyu a bar su yadda suke. Bel ɗin ɗaure fasinja ba a rina shi, ba a sa masa tina ko bilic, domin zarensa na raunana ba tare da ido ya gani ba. Ruwa da sabulu kawai, in ya zaizaye a canja. Saman dashbod kuma ba a yi masa fenti mai ƙyalli ko mai haske, ko da mai mota ya nema. Hoton dashbod ɗin zai riƙa fitowa a gilashin gaba, direban da ya doshi rana a hanyar Tegina da yamma ba zai ga rami ko babbar motar da ke gabansa da kyau ba. Baƙi mara ƙyalli da masana'anta ta sa, da dalili ta sa shi.

Akwai kuma motar da bayan wankin nan mai hawa biyu za ka ga ba ta buƙatar launi sam. Abin da aka zaci koɗewa ce ashe ƙurar shekaru ce da maiƙo. Irin wannan a tsaya nan, a shafa wa fatar man da aka yi dominta, a mayar da kaya. Fijon da ta fito daga Kakuri tana ɗauke da kujerunta na asali ta fi wadda aka fesa daraja a wajen masu neman tsofaffin motoci, kuma irinta kullum raguwa suke yi.

Wadda aka fesa kuwa, kafin a taɓa gaban kujera a fara gwadawa a bayanta ko ƙarƙashinta. A bar wurin ya kwana, a tsaga shi da reza layi-layi a gicciye, a manna tef a danna sosai, a fizge. In launi ya biyo tef, shirin bai yi ba, a koma wanki. In ya zauna, a ci gaba, a kuma gaya wa mai mota ya ba kujerar kwana biyu ko uku kafin a zauna, mako guda kafin a sa mata ruwa.

Ga marafan ƙofa biyu na Fijo a kan teburin nan, ɗaya an wanke shi da sabulu kaɗai, ɗaya an bi shi da sifirit da tsumma biyu. Ina son yara biyu daga baya su taso, a miƙo musu butar ruwa. Iyayenmu na gaba ku ɗan matso ku gani, in mun gama sai mu karɓi tambayoyi.